Limamin Famfo

Irmiya mutumin wajen Zonkwa ne. Ya shigo Kano a 1986 a bayan motar citta, da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar gama firamare, kuma ya ce sai da ya yi wata uku warin cittar bai bar rigarsa ba. Kafin in rubuta wannan na tambaye shi ko ya yarda in sa sunansa. Ya ce in sa, yanzu ba abin da za a ƙwace masa. Da dariya ya faɗa, amma ni ban iya taya shi ba, domin ni ne na taɓa yi masa alkawarin ɓoye sunan nan.

Aikinsa na farko a wata masaƙa ne a Bompai, inda ya koyi sarrafa injinan ruwa a hannun wani tsohon makanike. Shekara tara yana nan, har ranar da suka zo da safe suka tarar da ƙaton kwaɗo a get. Ya ɗan taɓa aiki a kamfanin robobi a Sharada, a 1997 kuma ya samu shiga wani kamfanin fata a Challawa. A lokacin ya riga ya auri Rut, mai sayar da shinkafa da wake a bakin hanyar Panshekara, suna da 'ya ɗaya, Albarka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya sauri a tafiya, ba ya sauri a magana. Hausarsa irin ta mutanen kudu ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, abokan aiki suna tsokanarsa a kai, shi kuwa ko a jikinsa. Tafin hannunsa ya rine ya yi shuɗi-shuɗi saboda maganin jima, Rut ta gwada kowane irin sabulu ta haƙura.

A bayan kamfanin akwai babban tafkin siminti inda ruwan jima yake taruwa, wato ruwan da aka jiƙa fatu a cikinsa da magunguna. Warinsa ba ya faɗuwa, sai wanda ya shaƙa. Aikin Irmiya shi ne kula da famfunan da ke tura ruwan nan cikin injin tacewa kafin a sake shi. Amma a kusurwar tafkin akwai wani tsohon bawul mai jan fenti. In aka murɗa shi, ruwan ba ya bi ta wajen tacewa, kai tsaye yake faɗawa babbar kwata ya gangara kogin Challawa.

Ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya kamfanin yakan zama kamar an share shi. Daga manaja har masu shara kowa ya yi alwala ya nufi masallaci, famfo kuwa ba a kashe shi, don haka Kiristocin sashen ne ke saura su riƙe aiki. Da su biyar ne. Bayan rikicin addini na watan Mayun 2004, huɗu suka kwashe iyalansu suka koma gida. Irmiya da Rut da Albarka sun yi kwana shida a ƙuryar ɗakin Ado, wani mutumin Jigawa da suke aiki tare, da ƙura ta lafa kuma Irmiya ya sa takalmin robarsa ya koma bakin tafki. In ka tambaye shi me ya hana shi tafiya, sai ya ce famfo bai iya tada kansa. Tun daga nan shi kaɗai ke zama a bayan kamfani lokacin sallar Juma'a. Ado ne ya laƙaba masa Limamin Famfo, wai kowa ya tafi bin liman, shi kuma ya tsaya yana jan famfuna shida a sahu ɗaya. Sunan ya kama shi har manaja ma da shi yake kiransa.

Ni sunana Sagir. A 2005 ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin ƙididdiga na gwamnati, digirina sabo, kaina cike da iska. A shekarar aka ɗora mana binciken yanayin aiki da lafiyar ma'aikatan masana'antu a Sharada da Challawa da Bompai. Kowane kamfani ya ba mu jerin ma'aikatansa, muka zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, aka riƙa turo mana su ɗaya bayan ɗaya muna cika musu fom mai shafi goma sha biyu. Ƙuri'a ta faɗa kan Irmiya.

A ƙarƙashin wani dogon yaro kusa da kantin ma'aikata aka ajiye mini benci. Ado ne ya rako shi, yana cewa, “Liman, ga baƙonka nan, gwamnati ce da kanta.” Na dubi ɗan gicciyen da ke wuyan mutumin na tambayi dalilin sunan, Ado ya warware mini labarin Juma'a da famfuna shida, na yi dariya har ina buga cinya. Ina so a riƙe wannan: an gaya mini, na ji, na yi dariya.

Kafin tambaya ta farko akwai katin da doka ta ce mu karanta wa kowa. Na karanta masa, na kuma ƙara da nawa.

“Baba, duk abin da kuka faɗa mini sirri ne. An hana mu nuna wa kowa, ko manajanku, ko 'yan sanda, ko masu haraji. Sunanku ba zai fita ba. A rahoto lamba kawai za ku zama a cikin lambobi.”

Ya karɓi katin ya juya shi gaba da baya.

“Wannan na ƙasa, sunanka ne?”

“Shi ne.”

“To bar mini.”

Ya ninke shi ya sa a aljihun gaba. Muka bi fom: shekarun aiki, awa nawa a rana, ko ana ba su safar hannu, ko yana tari. Amsoshinsa gajeru ne, ba ƙari ba ragi. Muka zo tambaya ta talatin da ɗaya, wadda ke son sanin rana da lokacin da ma'aikaci ya fi cuɗanya da gurɓataccen ruwa.

“Juma'a,” ya ce. “Daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi.”

Tambaya ta gaba kuma ita ce ina ruwan yake zuwa.

“Kogi.”

Na ɗago kai. Ya dubi wajen kantin, ya rage murya.

“Kafin foman ya tafi masallaci sai ya leƙo ya ce, Liman, a rage tafki. Iyakar maganar ke nan. Lokacin ba duba-gari a hanya, ba kowa a bakin kwata. Ni ke murɗa jan bawul ɗin da hannuna, Malam. Wata rana na bi kwatan da keke har kogi, na ga yara suna wanka a ƙasa can, mata suna wanki. Ranar Lahadi kuma in je coci in zauna a layin gaba. Ban taɓa faɗa ma kowa ba, ko matana. Amma ka tambaye ni, kuma ka ce zai tsaya a nan.”

Da zan iya cewa tausayinsa ne ya kama ni a lokacin, da na ce. Murna ce ta kama ni. Wata uku ina cika fom da “e” da “a'a”, ga shi yau na samo abin da zai sa a karanta rahotonmu. Na yi masa godiya da sauri-sauri, na ce a turo na gaba.

Da muka tattara fom-fom a ofis, sai na tarar da wasu biyu daga wasu kamfanonin fata daban a Challawa, amsarsu iri ɗaya da ta Irmiya: Juma'a, bayan ƙarfe ɗaya, kogi. Na kwasa na kai wa shugaban sashenmu, Malam Ashafa.

Malam Ashafa dattijo ne da ya kusa ritaya, wanda ya fi tsoron ƙaramar lamba fiye da maciji. Ƙa'idarsa, wadda kuma ita ce ta ofis, duk gidan jadawalin da mutanen cikinsa ba su kai uku ba sai a haɗe shi da na kusa da shi, don kada mai karatu ya nuna da yatsa ya ce wannan ai wane ne. Ya duba fom ukun nan, ya goge tabarau, ya ce kowane kamfani mutum ɗaya ne, ba za su fito ba. Ya ɗauki biro ya rubuta abin da za a buga: wasu ma'aikata sun ce ana sakin ruwa ba tare da tacewa ba lokaci-lokaci.

Na fito raina a ɓace. A ganina tsoho ya zuba wa magani ruwa har ya daina ɗaci.

A ƙarshen makon na haɗu da Aina'u a gidan suna. Taubashiyata ce, kuma ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke ƙasan masana'antu a bakin kogi. Ta daɗe tana ƙorafin ƙurajen da ke feso wa yara da jan ido da gudawa, su lafa su dawo, ba ta san me ke tada su ba. Ban gaya mata wanda ya faɗa ba, ko wane kamfani, ko wace rana. Jimlar Malam Ashafa kawai na karanto mata. Ta ajiye farantin hannunta.

“Lokaci-lokaci? To Sagir, in je in tara mata in ce su daina wanki a kogi lokaci-lokaci? Ashe abin da kuke yi ke nan a ofishin naku, fanka tana kaɗa ku kuna rubuta abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba. Ba su da wani ruwan, ba za su bar kogi gaba ɗaya ba. Ka ba ni rana, ka ba ni awa, in san abin da zan gaya musu. In ba haka ba ku riƙe takardarku, masu ƙosai suna bukata.”

Gaskiya ta faɗa, kuma har yau ban ce ta yi kuskure ba. Lambar da aka lulluɓe har ba mai iya amfani da ita, wahalar banza aka ba waɗanda suka zauna suka amsa tambaya. Laifin da ya biyo baya ba nata ba ne.

Na koma ofis na yi dabara. Na cire sunan kamfani, na cire shekaru, na cire jihar asali, addini kuwa dama ba mu tambaya ba. Na haɗa kamfanonin fata na Challawa duka a layi ɗaya, sai gidan jadawalin ya zama mutum uku cif. Jimlar ta koma haka: ma'aikata uku a kamfanonin fata na Challawa sun ce ana sakin ruwa ba tacewa ranar Juma'a tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi. Na ji kaina ya kumbura. Na ba Aina'u ranarta da awarta, kuma ban taka ƙa'ida ba.

Ranar da na kai wa Malam Ashafa Juma'a ce, ɗaya saura kwata. Ya riga ya naɗe hannun riga zai yi alwala.

“Su wane ne ukun nan?” ya tambaya.

“Ma'aikata ne, Yallaɓai. Na cire duk abin da zai nuna su.”

“Ka tabbata?”

“Uku ne, Yallaɓai. Ƙa'ida ta cika. Ku duba da kanku.”

Ya duba takardar, ya duba agogo, ya sa hannu. Muka ajiye ta a gaban Madam Lami mai buga mana takardu, muka ɗauki darduma muka fita. Ita kaɗai muka bari a ofis, kamar kowace Juma'a.

Rahoto ya fito a farkon 2006, kuma ya yi aiki. Aina'u ta kai wa mai unguwa shafin, aka yi shela cewa daga azahar ɗin Juma'a zuwa yammacin Asabar kada kowa ya yi wanka ko wanki ko ɗiban ruwa a kogi. Cikin wata uku layin masu ƙuraje a asibitinta ya ragu sosai. Wata Juma'a kuma masu duba muhalli suka jinkirta sallarsu zuwa wani masallacin da ke makara, suka tsaya a bakin kwata suka gani da idonsu. Aka liƙe jan bawul da walda. A ofis aka yabe ni a gaban taro, na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, ina jin daɗi har cikin ƙashina. Ko sau ɗaya Irmiya bai faɗo mini a rai ba.

Wata Talata da hantsi wata mata ta shigo ofishinmu a Nassarawa, ta ɗaura ɗankwali ta gaba, hannunta da tabon murhu. Ta tambayi Sagir, aka nuna mata teburina. Ba ta zauna ba. Ta kwance bakin zaninta ta ciro wani kati da ya sha ninki har ya kusa rabewa, ta shimfiɗa shi a gabana. Katinmu ne, sunana a ƙasa.

“Ni ce Rut, matar Irmiya na kamfanin fata,” ta ce. “Bai san na zo ba. A aljihun rigarsa na gani da zan yi wanki, na kawo maka abinka.”

Na tambaye ta lafiya. Ta ce mako biyar ke nan yana gida. Manaja ya kira shi ofis, ya buɗe rahotonmu a kan tebur, ya sa yatsa a kan layin, ya tambaye shi wa ke bayan kamfani ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya. Irmiya ya ce shi ne. Ya tambaye shi ko yana cikin waɗanda aka tura wa mutanen gwamnati bara. Ya ce yana ciki. Foman da ke tsaye a gefe ya ce, “Liman, ashe huɗuba ka yi wa gwamnati.” Takardar da aka ba shi ba ta ambaci komai daga wannan ba, cewa ta yi ana rage ma'aikata. Ya zaga sauran kamfanonin fata, ko'ina labari ya riga shi isa.

Sai na buɗe baki na faɗi maganar da ta fi kowace muni a rayuwata.

“Amma ai sunansa bai fita ba.”

Ta dube ni, ba da faɗa ba, irin kallon da ake yi wa babba in ya yi abin yara.

“Malam, a Challawa akwai wanda bai san wa ke zama ranar Juma'a ba?”

Ta juya ta fita. Na so ƙasa ta tsage in shige. Duk abin da na cire daga jadawalin nan, na mayar da shi da hannuna ta ƙofar baya. Ba mu tambayi addinin kowa ba, amma awar da na buga ta faɗe shi. Uku ne a takarda, amma kowane manaja nasa ɗaya kawai yake nema, kuma ya san inda yake tsaye. Ni da tun ina ɗan shekara bakwai ban taɓa ganin ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Juma'a a wajen masallaci ba, ban taɓa tsayawa na yi tunanin su wa ake bari a baya ba. A wurina lokacin nan gari fayau yake, ba kowa. An ma gaya mini sunan mutumin da dalilin sunan a ƙarƙashin dogon yaro, na mayar da shi abin dariya na wuce.

Madam Lami ta ji komai daga teburinta. Da ofis ya yi shiru ta ce, ba tare da ta daina bugu ba, “Na gani tun ranar da nake buga shi. Na ɗauka kun sani.”

Na ce me ya hana ta faɗa.

“Kun fita da sauri. Kuma ba a saba tambayar mai buga takarda ba.”

Na je wajen Malam Ashafa na ce mu rubuta wa kamfanin, mu tsaya wa mutumin nan. Ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce in mun rubuta, mun tabbatar musu a rubuce ke nan cewa shi ne ya faɗa, abin da doka ta hana mu, abin da kuma har yanzu zato kawai suke da shi. Dokar da ta kasa rufa masa asiri, ita ce ta ɗaure mana hannu. Bai ɗora mini laifin ni kaɗai ba, ya ce shi ya sa hannu yana kallon agogo. Sannan ya faɗi abin da ya fi ƙona ni.

“Da mun riƙe jimlata, mu sa a riƙa ɗiban ruwan kogin kullum safe da yamma har wata guda, a auna. Ruwan da kansa zai nuna Juma'a. 'Yar'uwarka ta samu ranarta, shi kuma ruwa ba a korarsa daga aiki.”

Hanyar tana nan, ba ta da wuya, ɗan lokaci kawai take so. Ni ne ba ni da haƙurin.

Na sa cigiyar sauran biyun. Ɗaya an ce ya koma Filato, ba wanda ya san ko korarsa aka yi. Ɗayan kuwa na fasa bin ba'asinsa, domin ina tsoron abin da zan ji. Gidan Irmiya kuwa na san unguwar, Ado ya kwatanta mini har ƙofar. Sau biyu ina hawa babur in nufi Panshekara, in na hango rumfar Rut sai in karya kan babur in koma. Ba aiki a hannuna da zan ba shi, ba kuma maganar da zan faɗa wadda ba ta riga ta zube a gaban matarsa ba. Katin nan na sa shi a aljihun tebur, kullum in na jawo neman biro sai na gan shi. Haka na yi shekara biyu.

A 2008 aka tura mu ƙidayar ƙananan sana'o'i. Ni aka ba wani layin shaguna a Sharada: masu walda, masu gyaran janareta, mai sayar da bututu. Ranar Juma'a ce, na cika fom kusan arba'in tun safe, jakata ta yi nauyi. A ƙarshen layin akwai rumfar kwano, wani mutum a zaune a kan bulo ya warware injin ban ruwa yana wanke sassansa da fetur. Na yi sallama ina duba takarda. Da ya ɗago, sai na ga Irmiya ne. Ya rame, furfura ta cinye kansa.

“Malam Sagir,” ya ce. “Gwamnati ta sake zuwa?”

Ya tura mini bulo na zauna. Na tambayi iyali, ya ce Albarka ta gama sakandare tana taya uwarta a rumfa, karatun gaba sai abin da Allah ya yi. Shi kuma masu noman rani ne ke kawo masa injinansu, wani watan da aiki, wani watan babu. Ban iya fito da fom ba. Na fara haɗa maganar da na yi shekara biyu ina shiryawa, ta watse a bakina.

“Baba, abin da ya faru, ni ne. Ba wani ne ya kai ku ba. Ni na rubuta ranar da awar, ban yi tunani ba.”

“Na sani. Manaja ya nuna mini layin.” Ya ci gaba da goge wani ƙarfe. “Na yi fushi da kai shekara ɗaya. Matana har yanzu yana yi, kada ka bi ta rumfansa.”

Na ce ba zan bi ba. Ya ajiye ƙarfen.

“Yaran nan na bakin kogi fa?”

Na gaya masa shelar da aka yi da yadda ƙuraje suka ragu.

“Jan bawul ɗin?”

“An liƙe shi da walda.”

“To,” ya ce. Ya daɗe yana kallon hannunsa. “Wannan kam na daina murɗa shi.”

Ban san ko yafiya ce ba, kuma ban ga ina da bakin tambaya ba. Ana haka ladan ya ɗaga murya daga masallacin bakin titi. Mai walda ya kashe injinsa, mai bututu ya jawo ƙofa bai sa kwaɗo ba, suka zo wucewa ɗaya bayan ɗaya da dardumominsu. Kowa in ya zo daidai rumfar sai ya ce, “Liman, ga shago nan,” Irmiya ya ɗaga hannu. Sunan ya biyo shi har nan, da aikin.

Na miƙe ina saɓa jaka, ban san yadda zan yi sallama da shi ba. Ya dubi jakar.

“Jeka kada ka rasa huɗuba. Bar wannan a nan, zai dame ka a sahu. Ba wanda zai buɗe.”

A cikinta akwai sunayen duk mutanen layin nan da abin da kowa ya gaya mini a kan sana'arsa, bayan na karanta masa kati. Ƙa'ida ta ce kada jakar ta bar hannuna. Na tsaya riƙe da ita, kunya tana cin fuskata, domin a iya sanina, ni da ofishinmu duka ba mu kai mutumin nan riƙon amana ba. Na ajiye ta kusa da ƙafarsa na tafi.

Ban ji kalma ɗaya daga huɗubar ranar ba. Da na dawo, layin shagunan yana nan shiru, ƙofofi a saye. Irmiya ya ɗauke jakar daga ƙasa don kada baƙin mai ya taɓa ta, ya ɗora ta a cinyarsa, ya kife hannuwansa biyu a kai. Shuɗin bai gama fita daga cikinsu ba.